Hasken da Maleƙa Ke Ci: Yadda Ake Rama wa Fim a Tsofaffin Kyamarorin Sinima

Naɗin fim na farko da na ɗauka da tsohuwar kyamarata Bolex a kasuwar Mile 12 ta Legas na ɗauke shi, da hantsi, lokacin da ake sauke kwandunan tumatir da tattasai daga manyan motocin da suka kwana a hanya daga Arewa. Na auna haske da ma'auni mai kyau, na saita kyamara daidai da abin da ma'aunin ya faɗa, ban kuskure ko lamba ɗaya ba. Fim ɗin Ektachrome ne, irin wanda ba ya yafe kuskure. Na aika da shi ƙasar waje aka wanke, na yi makonni ina jira, da ya dawo sai ga jan tumatir ya dushe, fuskokin 'yan dako kuma sun nutse cikin duhu har ba a bambanta wannan da wancan. Na daɗe ina ɗora laifin a kan masu wankin, har ranar da wani dattijo a Agege, wanda ya yi aikin ɗaukar labarai a zamanin da gidajen talabijin ke amfani da fim mai faɗin milimita 16, ya karɓi kyamarar, ya kwance idonta, ya nuna mini wani ɗan dunƙulen gilashi a ciki. Ya ce, "Ɗana, hasken da kake gani idan ka leƙa, daga rabon fim aka ɗebo maka shi."

Wannan shi ne batun gaba ɗaya. A wasu tsofaffin kyamarori, hasken da ya shigo ta ido ba duka ne ke isa ga fim ba, domin ana karkatar da wani kaso zuwa wurin da mai ɗauka ke leƙawa. Ma'aunin hasken da ke hannunka bai san da wannan rabo ba, don haka kai ne za ka rama wa fim abin da aka rage masa.

Kafin mu shiga aiki, ga kalmomin da zan yi amfani da su. Ido shi ne gilashin gaban kyamara da ke tattara hoto. Maleƙa ita ce 'yar tagar da mai ɗauka ke kafa idonsa a kai. Marfi shi ne faifan da ke juyawa a gaban fim yana buɗewa yana rufewa. Ƙofa kuwa ita ce kafar da ke cikin ido wadda ake faɗaɗawa ko a tsuke, ana karanta ta da lambobi 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16 da 22. Daga kowace lamba zuwa mai bi mata mataki ɗaya ne, kuma duk matakin da aka hau zuwa lamba mafi girma rabin hasken ne ya tafi. Ana kasa mataki gida uku, shi ya sa za ka riƙa jin sulusin mataki da sulusi biyu a cikin wannan bayani.

Ka fara sanin irin kyamarar da ke hannunka

Ba kowace tsohuwar kyamara ce ke da wannan matsala ba, kuma wanda ya ƙara haske a inda ba a rage komai ba ya ɓata fim ɗinsa ta ɗaya ɓangaren. Kyamarorin sun kasu gida uku.

Na farko su ne waɗanda maleƙarsu take dabam, a maƙale a gefe, ba ta da wata alaƙa da idon da ke ɗaukar hoto. Irin su Filmo ta kamfanin Bell & Howell a Amurka, da Bolex H16 ta asali wadda kamfanin Paillard na Suwizalan ya fitar a 1935. Waɗannan ba sa cin hasken fim ko kaɗan. Damuwarsu dabam ce, wato abin da ka gani ba shi ne daidai abin da fim ya gani ba idan ka matso kusa.

Na biyu su ne masu madubi a jikin marfi. Kamfanin Arnold & Richter na Jamus ne ya shigo da wannan dabara kasuwa da Arriflex 35 a 1937, sannan ya sa ta a Arriflex 16 a 1952. A nan haske karɓa-karɓa ake yi da shi: idan marfi ya buɗe, dukkan hasken na fim ne, idan ya rufe, madubin da ke jikinsa ya jefa dukkan hasken zuwa maleƙa. Krasnogorsk-3 ta Tarayyar Sobiyet, wadda matasa da yawa ke saye yanzu saboda arharta, tana cikin wannan gida, haka ma Beaulieu ta Faransa, sai dai madubinta hawa da sauka yake yi maimakon juyawa. Su ma ba a rama musu komai saboda maleƙa, ko da yake dole ne ka san tsawon lokacin da marfinsu ke zama a buɗe, kamar yadda za mu gani.

Na uku su ne namu, masu gilashin raba haske. Gilashin yana zaune daram tsakanin ido da fim, ba ya motsi, kuma a kowane lokaci yana karkatar da wani kaso na haske zuwa maleƙa. Bolex H16 Reflex, wadda ta fito a 1956, da duk zuri'arta haka suke. Pathé Webo ta Faransa tana amfani da wani siririn gilashi mai irin wannan aiki, Canon Scoopic ta Jafan tana da nata a cikin ido, kuma mafi yawan kyamarorin Super 8, masu ƙaramin fim mai faɗin milimita 8, haka aka ƙera su.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Ka ba kyamara wani kamar yadda ake ba agogo, ka kafa ido a maleƙa, ka danna ta yi gudu. Idan hoton da kake gani yana ƙiftawa, madubi ne a jikin marfi. Idan hoton ya tsaya cak ba ƙiftawa alhali ta cikin idon kyamara kake gani, to gilashin raba haske ne, kuma kana da bashin da za ka biya. Kada dai ka sake ta da babban gudu babu fim a ciki, domin hakan na wahalar da injin.

Akwai kuma wani tarko da ba a jikin kyamara yake ba. Wasu idanu masu zuƙowa na Angénieux da Som Berthiot suna zuwa da maleƙarsu a gefe, an yi su ne domin kyamarorin da ba su da hanyar gani ta cikin ido. Gilashin raba hasken a cikin idon yake, don haka ko Filmo ka ɗaura wa irinsa ta shiga gida na uku. Wanda kuma ya ɗaura shi a kan Bolex Reflex ya biya haraji sau biyu a kan kaya ɗaya.

Lissafin, da inda ake rikicewa

A Bolex rami biyu ne, ba ɗaya ba, kuma rashin bambanta su ne ke sa mutum ya ji wannan ya ce sulusin mataki, wancan ya ce rabi, wani ya ce sulusi biyu, alhali kowannensu yana da gaskiya ta inda ya tsaya.

Ramin farko na marfi ne. Marfi faifai ne mai digiri 360, an yanke wani yanki daga cikinsa domin haske ya wuce. Idan kana son sanin tsawon lokacin da kowane hoto ke shan haske, sai ka ninka 360 da yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, ka raba da faɗin yankan. A hoto 24 a daƙiƙa, 360 sau 24 ya ba da 8,640. Idan yankan digiri 180 ne, kamar na Arriflex 16, an sami 48, wato kowane hoto na shan haske na 1/48 na daƙiƙa. Krasnogorsk-3 mai digiri 150 tana ba da kusan 1/58, wanda ake ɗauka a matsayin 1/60. Bolex mai marfin da ake iya tsukewa, irin su Rex-4 da Rex-5, yankanta kimanin digiri 133 ne idan an buɗe shi duka, don haka tana ba da 1/65. To, ma'aunin haske idan ka sa shi a ɓangaren sinima ka zaɓi 24, yana ɗauka ne cewa marfinka digiri 180 ne, sai ya yi lissafi da 1/48 ko 1/50. Tun kafin a zo maganar maleƙa ka riga ka yi asarar fiye da sulusin mataki.

Rami na biyu shi ne na gilashin. Galibi za ka ji ana cewa yana ɗauke rubu'in haske. Jadawalin da kamfanin ya buga a littafin kyamarar ya ce a hoto 24 a daƙiƙa ainihin lokacin 1/65 ne, amma a yi lissafi da 1/80, wanda ke nuna asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar. Bambancin da ke tsakanin rubu'i da kashi ɗaya cikin biyar bai wuce ushirin mataki ba, don haka ban ga abin jayayya a nan ba. Abin riƙewa shi ne gilashin kaɗai yana cin kimanin sulusin mataki ko ɗan fiye, kuma idan aka haɗa shi da na marfi, daga 1/50 zuwa 1/80, sulusi biyu ne cif.

Ka lura cewa 1/80 ɗin nan lamba ce ta lissafin haske kawai. Marfi bai ƙara sauri ba, yana nan a 1/65, kuma yadda motsi zai fito a hoto da wannan lambar yake tafiya. Ga sauran gudu, dokar ɗaya ce: ka fitar da ainihin lokacin da lissafin da ya gabata, ka ƙara rubu'insa a kan lambar ƙasa. A hoto 12 a daƙiƙa za ka yi aiki da 1/40, a 18 da 1/60, a 48 da 1/160. Bolex masu lantarki, EBM da EL, marfinsu digiri 170 ne, wanda ke ba da kusan 1/50 a gudun 24, don haka su bashin gilashi kaɗai ake bi, sai a yi musu lissafi da kimanin 1/65.

Hanya uku ce, amma ɗaya za ka ɗauka

Hanya ta farko, wadda na fi so, ita ce ka bar ɓangaren sinima na ma'auninka gaba ɗaya, ka sa shi a ɓangaren hoto tsayayye, ka saita lokaci a 1/80, ka saita saurin fim, wato lambar da ke nuna yadda fim ke saurin kama haske, yadda aka rubuta a gwangwaninsa. Duk lambar ƙofar da ya ba ka, ita za ka sa a ido ba ƙari ba ragi. Ma'aunai na zamani da manhajojin waya suna da 1/80. Idan naka tsoho ne mai 1/60 da 1/125 kawai, ka tsaya a 1/60 ka rage lambar fim da sulusin mataki, wato fim mai 50 ka ce masa 40 ne, mai 100 ka ce 80, mai 250 ka ce 200.

Hanya ta biyu ita ce ka bar ma'auni a ɓangaren sinima a kan 24, amma ka yi masa ƙarya game da fim da sulusi biyu. Lambobin saurin fim suna tafiya ne sulusi-sulusi: 25, 32, 40, 50, 64, 80, 100, 125, 160, 200, 250, 320, 400, 500. Sai ka koma baya gida biyu. Fim ɗin Vision3 50D (D na hasken rana ne, T na hasken ƙwai) ya zama 32, Ektachrome 100D ya zama 64, Tri-X mai 200 a hasken rana ya zama 125, 250D ya zama 160, 500T ya zama 320. Wannan hanya tana da daɗi ga wanda ke yawan sauya gudu, domin idan ya koma 48 ko 12 ma'aunin zai bi shi da kansa, gyaran kuma yana nan a lambar fim.

Hanya ta uku ita ce a bar komai yadda yake a ma'auni, a riƙa buɗe ƙofa da sulusi biyu a kowane ɗauka. Idan ma'auni ya ce 11, sai a sa tsakanin 8 da 11 a kusa da 8. Idan ya ce 8, sai a sa kaɗan bayan 5.6. Ba na ba kowa shawarar wannan, ba don lissafin ba daidai ba ne, sai don a tsakiyar hayaniyar Oshodi, ga 'yan kallo sun yi maka zobe, ga wanin kyamara da bai kai daƙiƙa talatin ba, mantuwa ce za ta fara zuwa.

Kuskuren da ya fi yawa bayan mutum ya fahimci batun shi ne haɗa hanya biyu. Na ga wanda ya sa 1/80, ya rage lambar fim, sannan da ya zo kan ido ya ƙara buɗewa "don kariya". Wannan ya wuce da fiye da mataki ɗaya. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka kuma tabbatar duk wanda ke riƙe maka ma'auni ya san wadda ka zaɓa.

Game da idanun Kern Switar masu tambarin RX, akwai maganar da ke yawo cewa an riga an gyara lambobinsu domin su rama hasken gilashi. Aikin RX dabam ne. Gilashin Bolex kaurinsa ya kusa milimita 10, kuma yana ɓata kaifin hoto a idanu gajeru, daga milimita 50 zuwa ƙasa, musamman idan an buɗe ƙofa sosai. An ƙera idanun RX ne domin su gyara wannan. Ni ina yi musu ramuwa kamar kowane ido, ina kuma samun hoto daidai. Idan idonka gajere ne ba shi da RX, ka yi ƙoƙarin kada ka buɗe shi fiye da 4. Haka kuma lambobin T da ke jikin wasu idanu suna lissafa hasken da ya ɓace a cikin idon kansa ne kawai, ba su san gilashin da ke jikin kyamara ba. Sai idan gilashin raba hasken a cikin idon yake, a nan lambar T ta riga ta ƙunshe shi, ba a sake ƙarawa.

Ranar Legas da matatan haske

Wani zai ce ai a garin da rana ke dukan tsakiyar kai, mene ne abin damuwa da ɗan hasken da ya ɓace. Gaskiya ne cewa da tsakar rana matsalarmu yawan haske ce. Tsohuwar dokar masu hoto ta ce a rana tarwai, idan lokaci ya yi daidai da lambar fim, ƙofa 16 ce. Da 50D a Bolex, maimakon 16 za ka sami kanka a kusan 13, tsakanin 11 da 16. Da 250D kuwa lissafi zai kai ka wajen 29, lambar da babu ita a jikin mafi yawan idanu, don haka dole sai da matacin rage haske. Mai lamba 0.3 yana cin mataki ɗaya, 0.6 biyu, 0.9 uku.

Ƙa'idar ita ce asarar mataci ana tara ta ne a kan ta maleƙa, ba ta maye gurbinta. Ɗauki 200T, wanda aka yi domin hasken ƙwai. Idan za ka fita da shi rana da mataci mai lamba 85, wanda ke gyara launi, ya ci sulusi biyu, fim ya koma 125. Idan hanya ta biyu kake bi, sai ka sake komawa baya gida biyu, ka ce wa ma'auni 80. Haka 500T zai sauka zuwa 320 saboda mataci, sannan 200 saboda kyamara. Marfin Rex da ake tsukewa ma haka yake: alamar ½ tana nufin a buɗe ƙofa da rabin mataki, alamar 1 tana nufin mataki ɗaya, duka a kan ramuwar da ka riga ka yi. Kuma ko ba ka sa mataci ba, kada ka zare 'yar aljihun matacin da ke bayan ido, domin kafar da za ta bari haske zai bi ta ya ƙona gefen fim.

Inda sulusi biyun nan ke nuna kansa sosai shi ne a fuskar mutanenmu. Baƙar fata a ƙarƙashin hula, ga farar babbar riga tana ƙyalli, ga rana a bisa kai tana jefa inuwa cikin kwarmin ido: fuskar tana zaune ne a ƙasan abin da fim ke iya riƙewa, kuma ita ce ke fara ɓacewa idan haske ya gaza. Ranar Juma'a a Idi-Araba ko Obalende, inda kowa ke cikin fararen kaya, ma'aunin da ke karanta hasken da ya dawo daga jikin abu zai ruɗe ya ce ka tsuke ƙofa, sai asara ta zama biyu. Haka yake yi da farin sararin samaniya a lokacin hazon hunturu, da ƙyallin ruwa idan kana ɗauka a bakin tafkin Legas. Ka yi amfani da ma'auni mai farin ƙoƙo, ka tsaya inda mutumin yake, ka fuskantar da ƙoƙon wajen kyamara. Da yamma kuma ka riƙa sake awo a kai a kai, domin garin yana kusa da tsakiyar duniya, kuma da zarar rana ta faɗi duhu ba ya jira.

Irin fim ɗin ma yana da ta cewa. Vision3 dodon hoto yake bayarwa, yana jure ƙarin haske sosai, har masu ɗauka da yawa kan ƙara masa da gangan, amma idan ya gaza sai inuwa ta cika da yashi-yashi. Ektachrome da Tri-X kuwa, waɗanda ake sa wa a majigi kai tsaye bayan wanki, ba su da wannan sassauci ta kowane ɓangare. Idan kana shakka a kan dodo, ka karkata wajen ƙari. A kan waɗancan biyun, ka tsaya a kan lissafi.

Super 8

Kodak ya fito da Super 8 a 1965, kuma kyamarorinsa an yi su ne domin su auna haske da kansu. A mafi yawansu ma'aunin cikin gida ya san da rabon maleƙa, don haka idan yana aiki daidai ba ka da abin ramawa. Matsala tana tasowa ne idan ya mutu ko ya ruɗe. Da yawa an ƙera su ne domin ƙananan batura masu zaiba na bolt 1.35, waɗanda aka daina yi, kuma na 1.5 da ake samu a kasuwa suna sa allura ta yi ƙarya. Wasu kuma lambar fim 40 da 160 kawai suke ganewa daga tsagar da ke jikin kwalin.

Idan za ka koma ma'aunin hannu, babu lamba ɗaya da ta dace da dukkansu, domin asarar gilashi ta haɗu da ta idon zuƙowa mai gilasai da yawa, kuma takan kai daga rabin mataki zuwa mataki guda. Ka fara fitar da lokacin marfi: digiri 150 a hoto 18 a daƙiƙa yana ba da kusan 1/43, digiri 220 na kyamarorin XL, waɗanda aka yi domin wurare masu ƙarancin haske, yana ba da kusan 1/30. Idan ma'aunin cikin yana da lafiya, ka cika maleƙa da bango mai launi ɗaya da haske ya bazu a kansa daidai, ka karanta lambar da kyamara ta zaɓa, sannan ka auna bangon nan da ma'aunin hannu daga wuri ɗaya. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce ramuwar kyamararka. Ka maimaita a inuwa da rana domin ka ga ko tazarar ta tsaya. Ka kuma tuna cewa matacin 85 da ke cikin kyamarar, idan yana kan hanya, yana cin nasa sulusi biyun.

Gwajin da ba a tsallakewa

Duk lambobin da suka gabata na sabuwar kyamara ne, ranar da ta fito daga masana'anta. Wadda ke hannunka ta yi shekaru masu yawa, kuma idan ta yi damina ko da biyu ce a ɗakin Ebute Metta ko Ajegunle, danshi da iskar teku sun taɓa ta. Fumfuna na yaɗuwa a kan gilashi kamar saƙar gizo-gizo, hazo na kwanciya a cikin ido, man da ke cikin inji yana daskarewa gudu ya ragu. Ka haska tocila ta cikin ido da gilashin raba haske ka duba. A Bolex gilashin yana buɗewa gefe domin shara, amma a yi shi da takardar goge ido da hannu mai sauƙi. Ka ajiye kyamara a akwati mai rufuwa ruf tare da ƙullin garin tsotse danshi, ba a cikin jakar fatarta ta asali ba, domin fata gidan fumfuna ce.

Ka gwada gudu da tsohon fim da ya lalace. Ka mai da maƙirgin hotuna sifiri, ka sake ta daƙiƙa goma da agogo, ya kamata ka ga 240. Idan ka ga 220, kyamararka tana ba fim ɗan ƙarin haske, kuma motsi zai fito da ɗan sauri.

Sai gwajin haske kansa. Naɗi mai ƙafa 100 yana ɗauke da hoto 4,000, kimanin minti biyu da daƙiƙa 47 a gudun 24, kuma ƙafa tara kacal gwajin zai ci. Ka zaunar da mutum a inuwa mai haske daidai, ka ba shi kati mai ruwan toka da farin ƙyalle da baƙi ya riƙe. Ka yi awo da hanyar da ka zaɓa, ka ɗauki daƙiƙa uku a lambar da aka ba ka, sannan uku-uku a rabin mataki sama, mataki ɗaya sama, rabin mataki ƙasa da mataki ɗaya ƙasa. A kowane ɗauka a riƙe takarda mai ɗauke da lambar ƙofar da manyan baƙaƙe, domin bayan wata biyu ba za ka tuna jerin ba. Ektachrome ko Tri-X sun fi dacewa da wannan, tunda abin da ya shiga shi ke fitowa. Idan dodo ka yi amfani da shi, ka rubuta wa masu wanki cewa su kwafe ɓangaren gwajin zuwa kwamfuta da saiti ɗaya ba gyara, in ba haka ba za su daidaita maka duka biyar ɗin su zama iri ɗaya, kuɗin gwaji ya tafi a banza. Tawa Bolex ɗin, da tsohon idonta na milimita 25, gwaji ya nuna ta fi son 1/100 a kan 1/80, kuma da wannan lambar nake aiki da ita tun daga lokacin.

Lambar da gwajinka ya bayar, ka rubuta ta a farin salatif tare da sunan idon da ka yi gwajin da shi, ka manna a murfin kyamara, ka manna irinsa a bayan ma'auni. Sannan ka tuna cewa gilashin da ke kai haske daga ido zuwa maleƙa yana iya dawo da shi daga maleƙa zuwa fim. Duk lokacin da ka ɗora kyamara a kan ƙafa uku ka janye fuskarka tana gudu, ka rufe maleƙa da ɗan makunnin da ke gefenta, musamman idan rana tana bayanka. Idan makunnin ya karye, ɗan baƙin salatif a bakin maleƙa ya wadatar.